Hancin Aro

"Kar ka buga! Don girman Allah ajiye gudumar nan!"

Mai ɗinki ta cafke hannun mai walda da hannu biyu, saura ƙiris gudumar ta sauka a kan ƙofar maƙwabcinta, Baba Turare. Ƙofar ta ƙarfe ce, da sakata ta ciki, wari kuwa sai fitowa yake ta ƙarƙashinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

"Yaya, mutum fa na ciki!"

"Ƙarfe a kan ƙarfe? Tartsatsi ɗaya ya ishe mu duka. Ɗauko benci, na katako!"

Baban ne da kansa ya koya mata wannan. Shekara ashirin da shida yana aiki a inda ake cika tukwanen gas, kuma aikinsa shi ne sa wa gas ɗin wari. Ranar da ya fara gaya mata, ta ɗauka tsokana ce.

"Gas ba shi da wari, 'yata," ya ce. "Mu ke ɗiga masa wani ruwa mai farar wuta a ciki, dangin abin da ke sa tafarnuwa tashi. Ɗan kaɗan a tanki guda. Ba don shi ba, da gidaje da yawa sun kama da wuta mutanen ciki na ta hira."

To, ruwan nan ba ya barin mutum. Ya kama rigarsa, ya kama takalminsa, kafin ya shawo kwanar layin an san ya dawo. Shi ya sa aka laƙa masa Baba Turare, shi kuwa yana amsawa har da ɗaga hula. Hancinsa ma tuni ya mutu, ko albasa aka yanka a gabansa sai dai idonsa ya gaya masa.

"Hancina ya riga ni ritaya," yakan ce mata. "Naki zan ara. Ranar da kika ji wari daga ɗakina, ki buga min bango."

"Haba Baba, ai kullum sai na buga ke nan!"

Wayyo, da ta san abin da take wa dariya. Tun ƙarfe takwas na safiyar yau warin ya shigo mata ta taga. Ta ja tsaki, ta ce a ranta tsohon nan ya sake jiƙa kayan aikinsa a gindin bango. Yadin mutane ne a kan kekenta, fari tas, ba ta so ya ɗauki wari. Ta miƙe ta rufe tagar, ta koma ta ci gaba da taka keke. Sai wajen sha biyu, da ta fito zubar da ƙyallaye, ta ga kayan aikin nasa a kan igiya, a bushe ƙayau. Nan ta tuna mako guda ke nan bai je aiki ba saboda ciwon baya. Ta kai hanci jikin rigar. Sabulu kawai ta ji.

A bugu na huɗu da bencin sakatar ta ɓalle.

"Kar ka taɓa makunnin fitila!" ta ce, ta toshe hanci da gefen ɗankwali ta faɗa ciki.

Tagarsa a rufe take, ya cusa tsumma a ƙasanta saboda sanyi. Butar shayi na kan murhu, ba wuta. Tiyon tukunyar gas ɗin ya tsage daga gindi, har ya daina huci don babu sauran abin fita. Baba na kwance a kan tabarma a ƙasa, inda ya koma kwanciya tun da bayan ya matsa masa. Shi ne kuma ya taɓa gaya mata cewa gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa.

Suka jawo shi da tabarmar har tsakar gida. Ta durƙusa tana danna ƙirjinsa, tana jijjiga shi.

"Baba! Ni ce! Na ji warin, wallahi na ji! Tashi ka yi min faɗa!"

Leɓensa ya yi shuɗi. Mai walda ya tare mota a bakin titi, suka sa shi a baya, kansa a cinyarta. Duk hanya tana kiran sunansa, tana roƙon direba ya ƙara gudu, direban kuwa ya sauke gilashi saboda warin da ke jikinsu.

A asibiti ba a daɗe ba wata ma'aikaciyar jinya ta fito tana cire safar hannu. "Sai haƙuri, ya riga ya cika."

Mai ɗinki ta riƙe mata gefen riga. "'Yar'uwa, gaya min gaskiya. Da tun ƙarfe takwas aka kawo shi fa?"

Matar ta dube ta. Ta dafa kafaɗarta kawai ta wuce.

Washegari da yamma, bayan 'yan'uwansa sun kwashe kayan ɗakin, ba wanda ya tuna da igiya. Ita ta sauke rigar da wandon, ta ga maɓalli ɗaya na lilo, ta zauna a bakin ƙofa ta ɗinke shi. Sannan ta ninke su ta ajiye a kan kekenta. Iska mai sanyi na shigowa tana ɗaga ƙyallayen da ke ƙasa, amma ba ta tashi ta rufe tagar ba.