Kifin Malam Datti

"Babban nan da na kawo muku watan jiya," in ji Malam Datti, "yana nan a firiza ko?"

Yana kwance a gadon asibiti, an ɗaura masa ruwa a hannun hagu. Idanunsa sun yi rawaya. Likitoci sun ce hanta ce, kuma sun daina maganar yi masa aiki. Matarsa Ɗelu na zaune a kujerar roba, tana ɓare lemon da ba zai sha ba.

Na dubi matata Bilqis. Ita kuma ta dubi ƙasa.

"Yana nan, Malam," na ce.

"To, a yi mini farfesunsa. Abincin nan nasu ba ya wuce mini. Shi kaɗai raina ke so."

Ɗelu ta ci gaba da ɓare lemonta.

Ƙofarmu na kallon tasu a wani dogon bene da ke unguwar Bukit Jalil, a ƙasar wajen da muka zo karatu, inda baƙin ɗalibai suka yi yawa. Ni aikin jarida na baro a Kaduna na zo ƙaro karatu. Shi malamin kimiyya ne daga Yawuri, yana digiri na uku. Duk shekara in ruwan sama ya lafa, kifin da ake kira toman ya fara fitowa saman ruwa da 'ya'yansa, sai Malam Datti ya tafi wani dam a arewacin ƙasar. A can akwai wani ɗan ƙasar mai suna Pak Rahim, mai kwalekwalen inji, wanda sana'arsa ke nan kai mutane kamun kifi. Yakan shiga da su cikin itatuwan da ruwa ya shanye, ya kashe inji, ya nuna da leɓe inda za a jefa ƙugiya. Malam Datti ya sha ba mu wannan labari bayan sallar Juma'a. Ya sha gayyatarmu kuma. Babu wanda ya taɓa zuwa.

In ya dawo, sai ya bi ƙofofin 'yan Najeriya da ke benen yana raba kifi, kowace leda ɗaure da koren zaren kamun kifi. Mukan karɓa da hannu biyu, mu yi godiya, washegari mu ce ya yi daɗi. Amma toman kansa kamar na maciji ne, jikinsa da zane, ga ƙarni. Bilqis Bakanuwa ce, ko kallonsa ba ta iya yi. Maida kyauta kuwa ba a yi. Saboda haka da ƙofarsu ta rufe, sai a kai ledar ɗakin shara da ke ƙarshen baranda, a ajiye ta kan murfin bola, ko wani mai shara zai so. Babban na watan jiya ni na kai shi da kaina.

A mota muna dawowa Bilqis ta ce, "Abban Fatiha, me ya sa ka ce yana nan?"

"Da me zan ce?"

"Ban sani ba. Amma ba ka ce yana nan ba."

"Zan je kasuwar Chow Kit da safe."

"Mutumin da aka haifa a bakin kogi za ka yi wa wayo da kifin kasuwa?"



Da safe na hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar. Na zaga layin masu kifi, takalmina ya jiƙe, kafin na samu wata tsohuwa mai toman a cikin baho. Na tambaye ta ko na dam ne. Ta yi dariya, ta ce duk na kiwo ne, daga tafkin gona ake kawo su. Na zaɓi mafi girma, na ce ta cire kan.

Bilqis ta dafa shi da kanta, ta ɗaure hanci da gefen mayafi. Ta sa citta da kanumfari da masoro, ta cika attaruhu don ya rufe duk abin da zai tona mu. Ta zuba a cikin kularta mai ruwan goro, wadda take kai wa masu jego abinci da ita.

Ɗelu ce ta ba shi a baki. Ya kurɓi romon, ya riƙe shi kaɗan kafin ya haɗiye. Ya karɓi cokali na biyu, sannan ya kawar da kai.

"Maman Fatiha, an gode. Hannunki da albarka."

"Allah ya ba da lafiya, Malam."

Ya rufe ido har na zaci barci ne. Sai ya buɗe.

"Malam Munzali, kun ga ƙugiyar kuwa?"

"Wace ƙugiya?"

"Kifin ya haɗiye ta har ciki. Pak Rahim ya ce a yanke zaren kawai. Na manta ban gaya muku ba. Tun da na kwanta a nan take raina, ina ta tunanin kada Fatiha ta sa hannu."

Bilqis ta juya tana gyara labulen gadon, wanda ba ya bukatar gyara.

"Mun gan ta," na ce. "Mun cire."

"Alhamdulillah. To, hankalina ya kwanta." Ya yi murmushi. "Baɗi dai sai na kai ka. Ɗan jarida bai taɓa ganin dam da asuba ba."

"Allah ya kai mu, Malam."

Ya rasu ranar Laraba bayan azahar. Aka yi masa salla a masallacin unguwa, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta kusa, domin iyalansa a Yawuri sun ce kada a wahalar da gawa. Pak Rahim ya zo. Ƙaramin mutum ne, rana ta ƙona masa wuya. Ya tsaya a sahun baya, ya kama makara tare da mu, ya gaisa da kowa, ya tafi.

Ranar sadakar bakwai, bayan mata sun watse, muka shiga yi wa Ɗelu sallama. Tsakiyar falon babu kujeru, an ture su jikin bango an shimfiɗa tabarmi. Sandunan kamun kifinsa na jingine a bayan ƙofa. 'Yarsu Kausar na kwance da wayar uwarta. Na tsaya daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, Bilqis ta zauna kusa da ita.

Ɗelu ta miƙa hannu ta jawo kular nan mai ruwan goro.

"Ga kularki, Maman Fatiha. Ba a maida kwano haka, amma kin ga halin da muke ciki."

"Haba, Yaya Ɗelu. Ai da kin bar ta."

"Kun kyauta da kuka je Chow Kit."

Bilqis ta juyo ta dube ni.

"Ni nake kwashe kifayen daga ɗakin shara," in ji Ɗelu, muryarta kamar mai karanta sanarwa. "Ba naku kaɗai ba. Duk benen. Zarensa ai ba ya ɓuya. In ya shiga wanka sai in leƙa in ɗauko, in gyara in sa a firiza can ƙasa. Da su nake yi masa miya."

"Ya sani?" Bilqis ta tambaya.

"Cewa yake kifinmu da auki. Na ƙarshen ma ya ci shi kafin ya kwanta." Ta gyara hijabinta. "Da ya tambaye ku a asibiti, na so in yi magana. Sai na ga in na yi, dole in faɗa masa a ina na samo."

Bilqis ta fara cewa wani abu, Ɗelu ta ɗora hannu a gwiwarta.

"Ku je ku huta. Kun sha hidima."

Muka tsallaka baranda muka shiga gida. Bilqis ta ajiye kular a kan teburin kicin, sai muka ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ta buɗe. An wanke ta fes. A ƙasanta akwai ƙugiya guda, da guntun koren zare a jikinta, an soka tsininta cikin ɓawon lemo don kada ta ji wa wani ciwo.