Sata Goma Sha Ɗaya a Bayan Gada

"Ba zan goge ba, Yallaɓai."

Shugaban caji ofis ya ɗago kai ya dube ta kamar ta zage shi. Watanta huɗu ke nan tana aikin rubuta ƙorafin jama'a, a teburin bakin ƙofa, ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa. Ƙa'idar da ta tarar ita ce a rubuta komai da fensir. In wata ya ƙare, Yallaɓai ya zauna da littafin, fasa gida ya koma "ɓatan kaya", ƙwacen waya ya koma "saɓani", sannan a bi da biro. Da haka garin yake fita fes a rahoto, kamfanonin gine-gine suna tallar zaman lafiya, jama'a suna ta tururuwar baro tsakiyar birni.

Wannan watan kuwa da biro ta rubuta tun farko.

"'Yar boko, ke kaɗai kika shiga aji?" in ji shi. "Sata goma sha ɗaya a rukunin gidaje ɗaya! Kin san wa ke tsaron ƙofarsu?"

Ta sani mana. Sababbin gidajen bayan gada ne, inda mahaifinta yake gadi shekara shida. Amma ta san matar nan tela da aka ɗauke wa keken ɗinki da rana tsaka, ta zo tana kuka da zare a hannu. Ta kuma san ɓarayin ba ta ƙofa suke shiga ba. Ta katangar baya ne, wadda magina suka fasa don shigar da yashi suka bar ta a haka. Sau uku Baba yana kai kuka a kanta. A ganinta, da rahoto ya fita za a toshe, shi ke nan. Ta rufe littafin ta miƙa.

An toshe katangar cikin mako guda. A makon ne kuma kamfanin gidajen ya sallami masu gadi huɗu, har da Baba, ya kawo matasa masu baƙin tabarau. Ita aka mayar da ita ɗakin tsofaffin fayil, wurin ƙura da kyankyasai.

Da ta dawo gida ta iske Baba a kujerar roba a tsakar gida, kakinsa a goge a rataye jikin taga. Yayanta yana wanke babur.

"Ga sarauniyar gaskiya nan," ya ce, bai ko ɗago ba. "Sannu da aiki. Saura wa za ki kora? Ko Mama?"

"Kai, ya isa," in ji Baba. Ya yafito ta. "Uwata, zo nan. Goma sha ɗaya kika rubuta?"

"E, Baba."

"Sha uku ne. Biyu ba su kai ƙara ba, sun ce wahalar banza ce."

Ya yi 'yar dariya. Da ma faɗa ya yi mata, da ta sami abin riƙewa.

"Abu ɗaya ne kawai," ya ce yana murza gwiwa. "Kullum tare muke fita da safe. Da kin ɗan raɗa mini, da na fara cigiyar wani wurin."

Fiye da wata guda tana tafiya a gefensa har bakin titi da maganar a cikinta. Tsoro take kada ya ce ta goge, don ta san ba za ta iya yi masa musu ba.

An daina sata a bayan gada. Ko yau aka sake miƙo mata littafin ba za ta goge ba. Amma Baba yana da shekara sittin da ɗaya, ba mai ɗaukarsa gadi kuma, yayanta ya daina amsa gaisuwarta, kuma ita ce ta jawo.