Ranar da Ban Matsa Ba

Ku yi haƙuri da karambanina. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya.

A makarantarmu akwai wata al'ada: in 'yar babban aji ta taho a bayanki ta ce "hanya", sai ki manne da bango har ta wuce. Ni kuwa babu wadda ta kai ni iya wannan. Ko kujera na yi tuntuɓe da ita sai na ba ta haƙuri.

Ba ni na zaɓi gudu ba. Malamin wasanni ne ya gan ni na sheƙo zan mai da littafi laburare kafin a kulle, ya tare ni a gindin matakala.

"Ke Mai Tabarau! Da waɗannan ƙafafun kike laɓewa a lungu? Gobe in gan ki a fili."

Na je, don ban iya cewa a'a ba. Abin mamaki, in ina gudu sai kaina ya yi tsit. Muryar nan mai ce min "za su yi miki dariya" sai ta ɓace, ya rage ƙarar takalmina kawai. Ban gaya wa kowa ba, amma abin ya shiga raina.

A gwajin farko ni ce a gaba. Muna shan kwanar ƙarshe sai na ji huci a ƙeyata. Wadda ake wa laƙabi da Barewa ce, 'yar ajin ƙarshe, wadda ba a taɓa wucewa ba.

"Hanya!"

Na matsa. Wallahi ban yi shawara ba, ƙafafuna ne suka bar layin ciki da kansu. Har "sannu, Yaya" na ce mata. Ta wuce, wasu suka bi ta gurbin da na buɗe.

Fili ya kwashe da dariya, ban da Malam. Ya cire usur daga bakinsa.

"Mutum biyu zan kai gasar makarantu. Ranar Alhamis za a sake. In kika ƙara ba wata hanya, ki koma wa littattafanki, kar in sake ganin ki a nan."

A gida abinci ya ƙi shiga. Ƙanena kuwa ya samu abin yi: duk inda na tsaya sai ya lallaɓo ta baya ya ce "hanya", ni kuma in yi tsalle gefe. Mama tana ninke kaya ta ce, "Kai, ƙyale yayarka." Sannan ta dube ni. "Ke kuma, layin nan gadon gidan su Barewa ne?"

Ranar Alhamis ta zo. Na ɗaure tabarau da roba ta bayan kai, ta tsinke, na ƙulla. Da aka busa usur ban ma san na tashi ba.

Kwanar ƙarshe. Hucin nan dai.

"Hanya!"

Ƙafata ta dama ta fara kaucewa. Na kafa ido a farin layin, na cije leɓe har na ji gishiri.

"Ke, kurma ce? Hanya na ce!"

"Yi haƙuri, Yaya," na ce, da ɗan numfashin da ya rage min. Amma ban matsa ba.

Dole ta zagaya ta waje. Muka miƙe kafaɗa da kafaɗa, ƙirjina kamar zai tsage. Dab da igiyar ƙarshe ta wuce ni da kaɗan. Na waiga, babu kowa kusa da ni.

Barewa ta dafa gwiwa tana haki. "Ja'ira! Haƙuri kike ba ni, kina kashe ni?" Kafin in gane ko faɗa ne ko wasa, ƙawayenta sun yanyame ta suna ihu.

Na ja gefe. Na tsinci jakata a gindin bishiya. Ina jin Malam yana cewa, "Ina ta biyun? Gobe atisaye da sassafe!" Na ji, kuma zan zo. Amma duk idanun nan, a yau dai ba zan iya ba. Na sunkuyar da kai, na bi ta bayan tankin ruwa na sulale.