Kwalba Mai Jan Murfi

Tun da aka tsaga kan Makaniki, ƙanin Yaya, aka cire ciwon daji daga ƙwaƙwalwarsa, likita ya ce ba sai an sake tsagawa don dubawa ba. Duk bayan sati shida za a ɗebi jini a hannunsa, domin ciwon yana zubar da ɓurɓushinsa cikin jini, in ya motsa za a gani.

Yaya ce mai raka shi. Ba ta iya karatu ba, don haka launi take bi. Sau bakwai tana kallon kwalbar da ake zuba jinin, murfinta mai ratsin baƙi da ruwan ƙasa. A karo na takwas sabuwar ma'aikaciya ta ɗauko mai jan murfi. Yaya ta ce ba ita ba ce. Ma'aikaciyar ko kai ba ta ɗago ba, ta ce jini dai jini ne, "Mama, koma benci ki zauna."

Da sakamako ya fito, aka ce ba a ga komai ba. Matar Makaniki ta yi kukan murna. Shi kuwa har da tsokana, wai Yaya ta zama likitar murafa. Yaya ta ɗauki jakarta ta koma asibiti.

Kwana uku tana zama a ƙofar ofishin likita. Mai gadi ya lallashe ta, sakatariya ta ce ta rubuto ƙorafi.

"Da na iya rubutu, da ke zan tsaya kallo? Kira min shi."

Likita ya saurare ta a tsaye, hannu a kan ƙofa. Da ta ambaci jan murfi sai ya saki ƙofar. Ya ce a irin wannan kwalba jinin yakan lalace kafin ya isa wurin gwaji, ɓurɓushin ya ɓace a ciki.

Aka sake ɗiba, Yaya na tsaye a kansu. Bayan kwana goma aka ce ciwon ya motsa, amma da sauran lokaci, za a canja magani.

Washegari ta koma wurin sakatariya, ta sa ta rubuta ƙorafin, ta sa aka karanta mata sau biyu. Ta ce a ƙara da cewa a binciki duk wanda aka ɗebi jininsa a ranar. Sannan ta dangwala yatsa.