Askin Doña Eulogia

An cire wa Doña Eulogia ƙullutun da ke mamanta na hagu a lokacin haƙar dankali. Ƙarami ne, bai fi ƙwayar wake ba. Likitar da ta yi aikin a birnin La Paz ta ce sankara ce, amma an tare ta da wuri. Za a aika naman a bincika, sannan a san ko sai an yi mata kimo, ruwan maganin nan mai zubar da gashi.

Sauran bayanin bai shiga kunnen Eulogia ba. Zubar gashin kaɗai ta ƙunso ta taho da ita gida.

Kitsonta biyu ne, har ƙugu, da furfura jefi-jefi. A ƙauyensu mace ba ta rasa kitso sai da dalili. Tana yarinya ta ga an yanke na wata mata a dandali bisa zargin satar tumaki. Gashin matar ya sake tsirowa. Sunan kuwa bai goge ba har ta mutu.

"Ba zan koma asibitin ba," ta ce wa mijinta Remigio, suna tsintar dankali a bayan gida.

"Za ki koma."

"Ai sun cire abin."

"Sun cire wanda suka gani."

Ta ci gaba da tsintar dankalinta. Shi ma ya koma kan aikinsa. Bai iya gardama ba, sai dai ya tauna ganyen koka, goron mutanen yankin, ya zuba wa duwatsu ido.

Washegari ya je ya ɗauko Basilia, wadda ta riƙe 'yarsu Wilma ranar baftisma, shi ya sa ita da Eulogia suke kiran juna comadre. Basilia ba ta iya lallashi ba.

"Comadre, kanki ya fi na jaki tauri. Gashi za a raya ko ke?"

"A binne ni da abina. Ba zan shiga kasuwa ana nuna ni da baki ba."

"Wa zai nuna ki? Kowa ya san asibiti kika je."

"Yau sun sani. Nan gaba fa? Abin da za a tuna shi ne kakar wance ta yi yawo ba kitso."

Basilia ta ƙura wa kitson ido. Can ta buga cinya.

"To kada ki jira ya zube. Mu yi miki rutucha."

Rutucha askin farko ne da ake yi wa yaro: a tara dangi, kowa ya yanki ɗan gashi ya ajiye kyauta.

"Ni? Da jikokina?"

"Ke ɗin. Wadda aka aske a gaban gari da kiɗa da giya, uban wa zai ce ɓarauniya ce?"

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka yi. An yanka rago, an dafa dankali kala-kala. Eulogia ta zauna a kan shimfiɗa a tsakar gida kamar ƙaramar yarinya. Remigio aka fara miƙa wa almakashi. Ya tsaya yana jujjuya shi, ya kasa farawa.

"Tumaki nawa ka yi wa aski a duniya, tsoho?" in ji Basilia. "Wannan ai ba ta harbi."

Aka kwashe da dariya. Ya yanke kitson dama daga ƙeya, Basilia ta yanke na hagu, saura suka bi layi suna ɗan tsakura. Basilia ta ba da tunkiya mai ciki. Aka naɗe kitson biyu a mayafi. Eulogia ta ji sanyi a bayan wuyanta, sanyin da ba ta taɓa sani ba. Ta jira kunya ta zo, ba ta zo ba. Har rawa ta taka.

Da suka koma La Paz, likita ta dube ta, ta dubi ƙasan malfarta.

"Mamita, ina kitson?"

Remigio ya yi bayani a taƙaice. Likita ta dafe baki.

"Wayyo. Da kun jira sakamakon."

Ta ce abin bai kai hammata ba, kuma binciken naman ya nuna irin da ba ya saurin dawowa ne. Kimo zai ƙara mata kariya, amma kaɗan ƙwarai. Tana iya bari. Zaɓi nata ne. Akwai kuma hasken na'ura da ake gasa wurin da shi.

Remigio ya gyara zama. "Tunda an riga an yanke, a yi duka mana, likita. Kada askin ya tafi a banza."

"Jikinka ne?" Eulogia ta ce. Ta juya ga likita. "In na yi, me zai ɗauke mini?"

"Watanni na amai da kasala. Wasu yatsunsu kan mutu, su daɗe ba sa jin abin da suka riƙe."

Eulogia ta dubi yatsunta. Da su take kaɗi, da su take gane dankalin da tsutsa ta shiga ko ba ta duba ba.

"Hasken na'urar fa? Shi ma zan iya bari?"

"Wannan kam ba zan ce ki bari ba. An bar miki maman, hasken ne zai ƙone abin da ya ɓuya a wurin. Za ki zauna a birni 'yan makonni, sannan ƙwayar magani kullum na wasu shekaru. Ba ya taɓa gashin kai."

Eulogia ta lura da wani abu: ta ji kowace kalma. Da kitson yana kanta, da har yanzu shi take karewa, maganar likita tana wucewa ta sama.

"Zan yi hasken, zan sha ƙwayar. Kimon a bar shi."

"Kin tabbata?" in ji Remigio.

"Ka taɓa ganin na zuba wa gona maganin da ya fi cutarta?"

Ya tauna ganyensa. Sannan ya ɗauki jakarta, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

A gidan Wilma ta zauna a El Alto, kusa da La Paz, har aka gama. Fatar wurin ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta warke. Ranar da ta dawo ƙauye, Basilia ta zo da baƙin zaren ulu. Ta zaunar da ita a rana, ta kwance mayafin, ta shiga ɗaure tsohon kitson a jikin sabon tsiron.

"Wato kin ci mu da wayo, comadre. Gari guda ya yi miki biki, kimon kuma ba ki yi ba. A dawo mini da tunkiyata."

"An yi aski ko ba a yi ba?"

"An yi."

"To tunkiya ta zama tawa, ta haihu ma. Ja a hankali, kan mutum ne."