Hatsin Ci da Bawa Ya Shuka

Wada ne yak kashe Bawa. Na faɗa gaban masu gaisuwa, na faɗa bakin rijiya, kuma ga shi ina ƙara faɗa. Wanda abin ya yi wa zafi shi zo shi same ni, gidana ba ɓoyayye ba ne.

Bawa maƙwabcina ne, danga ɗaya ta raba mu tun ina amarya. Wada kuwa shi ne Sarkin Noman ƙauyenmu, nan kusa da Turba. A nan ba mai jefa iri sai Sarkin Noma ya tona ƙasa da hannunsa ya ce laima ta kai. Haka munka tarar.

Da bazara anka kira su Wada taro garin Isa. Malaman gona sunka ce musu damina ta canza hali, ruwan farko za shi zuba shi ɗauke, a jira. Sunka ba su irin gero mai saurin nuna, su raba wa mutane. Wada ya dawo, ya zuba buhunan cikin rumbunsa, ya ja bakinsa. Wai kada a ce Sarkin Noma na ɗaukar karatu wurin yara masu wando. Matarsa ce ta faɗa mini wurin niƙa, bayan komai ya lalace.

Ruwan farko na sauka ya fita ya tona ƙasa, yac ce a shuka. Gari duka anka shuka, shi kuwa ya ce ƙafa ke damunsa. Gero ya tsiro, sama ta bushe, rana ta ƙone shi ƙurmus. Bawa ya sake da ragowar irin da ya rataye tun kaka. Shi ma ya ƙone.

Ran nan ina shanya sai nij ji muryar Kande matar Bawa ta cikin danga.

"Malam, wanga fa na tuwo ne."

"Na sani."

"To mi za mu ci?"

"In ban shuka ba, mi za mu ci baɗi?"

Nil leƙa. "Bawa, aje kwaryar nan. Ka tsufa, hankalin ma ya tsufa?"

Ya yi dariya, haƙoransa da sunka rage duk waje. "Uwar Yero, ke bakinki ne bai tsufa ba. Wanga karon ba irin shukarku za ni yi ba."

Gonarsa ta daji ba ta zuwuwa, kowa ya san dalili, 'yan bindiga ne. Sai fakon bayan gari, ƙasa tauri kamar daɓe. Yac ce ya gani wajen Nijar suna haƙa ƙananan ramu, su zuba taki, su sa iri ciki. Ko yayyafi anka yi, ramin na riƙe ruwan. Dattijo mai furfura, cikinsa ba komai sai kunun da Kande ta tsinka da ruwa, shina sara fako da rana tsaka. Wada ya bi ta nan bisa babur.

"Bawa, gidan gafiya kake ginawa?"

"Sarki, in akwai wani iri wurinka, taimaka mini da ko tiya guda."

"Ina nig ga iri? Sai haƙuri."

Ni da Kande munka kai masa ruwa da azahar. Munka iske shi zaune cikin ramukan, ya jingina da ƙotar fartanya, leɓensa fari fat. Kande ta ɗaga kansa, ruwan na zuba gefen baki.

"Na rufe na gabas," yac ce. "Na yamma ne saura. Kada awaki su shiga."

Kafin a samo amalanke ya cika.

Wurin gaisuwa Wada ya zo da babbar riga, ya zauna kan tabarmar gaba, shina cewa kwana ne ya ƙare. Nif fito daga cikin mata.

"Kwana ya ƙare, Wada. Buhunan rumbunka fa, su ma sun ƙare?"

"Uwar Yero, nan wurin makoki ne."

"Na san wurin mi ne ne. Ni nik kama ƙafafunsa."

Liman ya ce in yi haƙuri. Haƙurin nan ne Bawa ya yi.

Yanzu ruwa ya zauna. Geron Wada mai saurin nuna har ya fara kai. Kande na takaba ba ta fita, ni ke zuwa korar awaki daga fakon. Ramukan gabas sun yi kore, na yamma na nan buɗe, ruwa kwance ciki ba iri.

Na je wurin hakimi, anka ce in dawo. Za ni koma, in ta kama har Isa da ƙafa. Wada shi buɗe rumbun nan gaban jama'a, shi auna wa Kande rabon mijinta. Sannan shi tsaya ƙofar gidanta shi faɗa mata, da bakinsa, abin da anka gaya masa wurin taron nan da dalilin da ya sa ya ce a shuka.