Takalmin Nuni

"Kai ne, Bernard. Kai ka ci ƙafar ɗana, kuma yau sai ka amayo ta."

Inna Mairamu ta faɗi haka ne tun daga bakin ƙofa, ba sallama, ba neman iso. Maigadin da ta ture yana bayanta yana gyara hula. A cikin zauren, mutum goma sha biyu suka waigo lokaci guda, Indiyawa takwas da Turawa huɗu, sababbin ma'aikatan da kamfanin ƙarfe ya ɗauko shekaranjiya daga filin jirgin Kano. Fanka na juyawa a kansu, kowa da kwalbar lemo da ɗan littafi a gabansa. Zauren gidan saukar baƙi ne na kamfanin a GRA, kuma a nan ake koya musu yadda za su kiyaye jikinsu kafin su taka masana'anta.

Bernard, akawun ma'aikata, ya taho da sauri yana murmushin da bai kai ido ba.

"Inna, don Allah ki zo ofis gobe."

"Sau huɗu ina zuwa ofishinka. Maigadinka ya san sunana har da na kakata. Kar ka yi mini muryar ofis, ɗan nan. Tun kana yawo ba wando a unguwar Arawa nake kai wa uwarka nono."

Ta wuce shi. A gaban allo, Baturen da leburori ke kira Mai Usur ya tsaya da sandar nuni a hannu. Kusa da shi, a kan benci, wani lebura mai suna Sule yana tsaye kamar an kafa shi: hular kwano, tabarau, safar hannu har gwiwar hannu, da takalmi baƙi mai bakin ƙarfe, yana ƙyalli.

Wannan bencin na Hamman ne, ɗanta. Shekara biyu, duk lokacin da aka kawo sababbin baƙi, sai a kira shi daga filin aiki, a ce ya wanke ƙafa, a shirya shi tsaf, ya hau benci. Mai Usur ya ƙwanƙwasa hular, ya saki guduma a kan takalmin, baƙi su ga ko gezau Hamman bai yi ba. Ƙarfe goma sha biyu sai a tuɓe kayan, a goge, a mayar sito, domin daidai ƙidayar baƙi aka kawo su. Na leburori, an ce, suna cikin jirgin ruwa a bakin Ikko suna jiran layi. Shekara biyu jirgin na jiran layi. Hamman sai ya zura takalminsa na taya ya koma ƙarƙashin injin ɗaga ƙarfe.

Sati uku da suka wuce igiyar injin ta kwance, ƙarfe ya faɗo a ƙafar Hamman. A asibiti aka yanke abin da ya saura daga idon sawu.

Sai ga takarda har ɗakinta a unguwar Hammadu Kafi. Maƙwabciyarta Janet, malamar makaranta, ta karanta mata sau biyu, don a karon farko Mairamu ta ɗauka Janet ce ta yi kuskure. Takardar ta ce babu ma'aikacin da ya halarci horon kiyaye haɗari kamar Hamman: sau goma sha ɗaya, sunansa na cikin rajista, hotonsa na manne a bango da cikakkun kaya. Saboda haka ganganci ne nasa. Babu diyya, kuma ya tashi daga ɗakin barikin leburori kafin ƙarshen wata. Ɗakin langa-langa ne da suke kwana su shida. A hanyarta ta zuwa yau ta ƙirga gidajen baƙin, kowane mutum ɗaya da ɗaki uku, har ta ga wani da aka yi wa karensa rumfa mai fenti.

Ta tsaya gaban benci ta ɗaga kai.

"Sule, ƙafarka ta yi kyau."

"Na gode, Inna."

"Har yaushe ne kyan?"

Sule ya saci kallon Bernard ta cikin tabarau. "Har sha biyu, Inna."

"Daga nan fa?"

"Sito."

"To madalla. Ka gaya wa ƙarfe kar ya faɗo sai da safe."

Mai Usur ya tambayi Bernard wani abu da Turanci. Mairamu ba ta jira ba, ta juya ga baƙin ta zuba musu komai: benci, guduma, jirgin Ikko, takalmin taya, warin ɗakin asibiti, takarda. Ta nuna ƙafarta ta yi alamar yanka da gefen hannu. Ta daɗe tana magana har muryarta ta dushe. Bernard ya fassara cikin numfashi biyu.

"Ke nan?" in ji ta. "Na ba ka ƙwarya cike, ka miƙa musu ludayi?"

"Turanci gajere ne, Inna."

Amma ludayin ya yi aiki. Mai Usur ya sunkuyar da kai, ya nuna ta da sandarsa a hankali, ya nuna takalmin Sule, ya yi dogon jawabi da murya mai sanyi. Baƙin suka duƙa suna rubutu. Wani dattijon Ba'indiye ya miƙe, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya rusuna mata, idonsa ya cika da ruwa. Sai tafi ya ɓarke. Wani Bature ma ya ɗauke ta hoto.

"Me suke tafa wa?"

Bernard ya share gumin wuya. Fuskarsa ta saki, kamar wanda ya faɗa rijiya ya tarar da tsani.

"Inna, Allah ya dube ki. Maigida ya ce tun da yake koyarwa darasi bai taɓa shiga mutane kamar yau ba. Ya ce ganin uwa ya fi allo. Ya ce idan Hamman ya warke, akwai aiki. Ba ɗaukar ƙarfe, ba rana. Duk zuwan sababbin baƙi ya zo da sandarsa ya tsaya gefen Sule, su gani da idonsu. Albashi kowane wata. Ɗakinsa na bariki ma a bar masa."

Mairamu ta tuna Hamman kwance yana kallon rufin asibiti, da yadda jiya ya tambaye ta ko akwai wanda zai ɗauki gurgu gadi. Ta tuna ɗakinta da ba ya ɗaukar tabarma biyu.

"Har kaya za a ba shi," Bernard ya ƙara. "Nasa na kansa. Hula, safa, takalmi."

"Takalmi."

"Sabo fil."

"Ƙafa biyu ko ɗaya?"

Sule ya yi tari a cikin safar hannu. Bernard ya dubi fanka.

"Me zai ce musu in ya tsaya?" in ji ta.

"Kalma biyu ce kawai, Inna. Za a koya masa. Ya ce an ba ni kaya, ban sa ba."

"An ba shi?"

"Inna, yanzu fa maganar maslaha ake yi..."

"Na ce an ba shi? Kai mai zuwa coci ne, ni mai salla ce. Ɗaga hannunka ka ce an ba shi."

Bernard bai ɗaga ba. Daga nesa jiniyar masana'anta ta yi kukan sha biyu. Baƙin suka fara tattara littattafai, ƙanshin abincin rana na shigowa daga ɗakin ci. Mai sito ya shigo yana jan akwatin katako, ya ajiye gaban benci, ya ciro tsumma. Sule ya sauko, ya duƙa zai kwance igiyar takalmi.

Mairamu ta gyara zani ta zauna daram a kan akwatin.

"Bar shi a ƙafarka, Sule."

"Inna, za a kore ni."

"In za su kore ka, su kore ka da yatsunka goma."

Mai Usur ya busa usur ɗinsa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Baƙin da suka kai ƙofa suka tsaya cirko-cirko, suna tambayar juna ko wannan ma cikin darasin ne. Dattijon Ba'indiyen ya dawo, ya dubi takalminsa sabo, ya dubi takalmin taya da ke ajiye ƙarƙashin benci yana jiran Sule, sannan ya ja kujera ya sake zama.

"Gaya wa maigidanka, Bernard, kuma wannan karon ka ba shi ƙwaryar duka. Hamman zai zo. Ni zan goyo shi in kawo. Zai tsaya a nan ya faɗi abin da ya faru, ba abin da kuka rubuta ba. Amma ni ba na tashi daga kan akwatin nan. Wani ne ya ce a mayar da takalmi sito ƙarfe sha biyu. Ba aljani ba ne, yana da suna, yana da gida mai ɗaki uku a unguwar nan. Ku kira mini shi ya zo ya faɗa da bakinsa, a gaban baƙinsa."